Ciro launi daga 'ya'yan itace ba da sinadarai masu guba ba: taƙaitawa

Abin da masu tattauna wannan batu suka yi ittifaƙi a kai:

1. Jan launin ɓawon inabi, wato antosayanin, yana fita a haɗin ruwa da itanol (wani nau'in barasa), rabi da rabi. Giram 1 na garin ɓawo, mililita 20 na haɗin. A ɗiga ruwan lemon tsami har pH (ma'aunin tsami, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru) ya sauka zuwa 3, in ba haka ba launin zai koɗe.
2. Kada zafi ya haura digiri 50 na ma'aunin Selsiyas. Haske ma yana lalata launin, sai kwalba mai duhu.
3. Karotin, launin ɗorawa na mangwaro, ba ya narkewa a ruwa. Man girki ke janyo shi.

Inda aka rabu: wasu sun fi son injin altrasawun, mai girgiza haɗin da sautin da kunne ba ya ji, minti 20 an gama. Wasu kuwa sun ce jiƙon kwana guda ya wadatar, muddin ɓawon ya niƙu liƙis.