Ninkin ƙarfe irin na maƙeran Japan: haɗin yana buɗewa a ninki na biyar

Salamu alaikum, maƙera. Wata biyu ke nan ina fama da wuƙa ɗaya. So nake in fitar da zanen itame, mai kama da jijiyar katako, irin na takubban Japan. Su maƙeran Japan tamahagane, wato ƙarfensu na gargajiya, suke ninkawa sau goma zuwa sha biyar. Ni sifirin mota na haɗa da ƙarfe mai taushi, falle shida, a wutar gawayi.

Ninki huɗun farko suna kamawa lafiya. A na biyar, da na juya shi gefe na sa masaba, sai bakin ya buɗe kamar littafi, cikinsa baƙi ƙirin da ɓawon ƙuna.

Na goge fuskokin fes kafin kowane ninki, na barbaɗa boraks, garin da ke taimaka wa haɗin ƙarfe ya kama. Na gwada tokar karan shinkafa da ruwan yumɓu yadda maƙeran Japan suke yi, babu canji. Na ƙara zuga har ƙarfen ya fara tartsatsi, gefen ya ƙone ya ɓarɓashe. Gawayi buhu uku ya tafi a banza.

Ina zargin sinadarin kuromiyom ɗin da ke cikin sifirin. Shi ne ke hana haɗin kamawa, in canza ƙarfe gaba ɗaya?