Don Allah ku ba ni shawara, wasan "Gidanmu a Duniyar Wata" ya jawo mini magana

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya kulle. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kano, aji biyu na firamare, yara 31 'yan shekara bakwai zuwa takwas. Ni asali ba kimiyya na karanta ba, Hausa na yi a NCE. Riƙon ƙwarya ma na shigo yi wa wata da ta tafi haihuwa, da ta dawo aka ce ni in ci gaba, ita aka mayar da ita nazare. Yau shekara biyu ke nan gaisuwarmu daga nesa ce. Ba wannan ya kawo ni ba, na faɗa ne don ku san ido a kaina yake.

Zangon nan aka ce kowane aji ya shirya abin da zai nuna ranar rabon sakamako. Aji uku suka ɗauki sana'o'in gargajiya. Ni kuwa wani yaro ne ya ɗora ni a hanya. Bayan ƙaramar Sallah ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, in mutum yana zaune a kan wata, wane wata zai duba ya san gobe Sallah?" Aji ya kwashe da dariya, ni na yi tsuru. Daga nan na ce bari mu yi ɗan wasan kwaikwayo kan iyalin da suka tare a duniyar wata. Kwalayen taliya muka yanka muka yi hular kwano, robar ruwa muka ɗaura musu a baya a matsayin tukunyar iska. Da kuɗina na sayi gam da fenti.

Cikin abin da na gaya musu har da cewa babu iska a can, don haka sauti ba ya tafiya, ko kana kusa da mutum ka ƙwala ihu ba zai ji ka ba. Ashe wata yarinya ta je gida ta ce wa babanta Malama ta ce ba a jin kiran sallah a wata. Ran Litinin sai ga shi. Bai zage ni ba, amma a gaban yara ya ce in tsaya kan abin da aka ɗauke ni in koyar, kuma wa ma ya gaya mini an taɓa zuwa watan. Saura kwana tara. In soke ne? In ban soke ba me zan cire? Sannan har yau ban ba yaron nan amsa ba, kullum sai ya tuna mini.

Anti Larai: Wa alaikumus salam. Me shugabar makarantar ta ce? Ai daga nan za a fara.

Injiniya Sabo: Malama, kada ki soke komai. Abin da kika faɗa gaskiya ne ɗari bisa ɗari. Sauti sai da abin da zai bi, iska ko ruwa ko ƙarfe, saman wata kuwa fayau yake. Shi ya sa waɗanda suka je da rediyon cikin hularsu suke magana da juna. Inda kika rage wa yarinyar shi ne ba ki ce mata ai ba a fili za a zauna ba. Duk wanda zai zauna a can cikin rufaffen gida zai zauna, an cika shi da iska kamar tayar mota, kuma a ciki ana jin magana sarai. Ladan zai kira sallah a ji shi. Shi ke nan maganar ta mutu.

Ga abin da za ki ba su. Nauyin komai a can kashi ɗaya ne cikin shida. Buhun shinkafa mai kilo 50 zai zama kamar kilo takwas da ɗan ɗoriya a hannu, yaron ajinki ya ɗaga shi. Rana in ta fito sai ta yi kamar sati biyu ba ta faɗi ba, dare ma sati biyu. Da rana ƙasa kan yi zafin da ya kai digiri 120, ya wuce tafasasshen ruwa, da dare sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri 130. Sama baƙa ce wuluk ko da tsakar rana. Nisan kilomita 384,400 ne, tafiyar kwana uku ta ɗauki 'yan Apollo, wato 'yan sama jannatin Amurka da suka je can. Na gama miki darasi.

Baban Abba: Injiniya ka tsaya. Ni fa ina bayan uban yarinyar. Tun 1969 ake ce mana Amurka ta je, a ce shekara sama da hamsin ba su gina ko rumfa ba? Kuma kai da kanka ka ce ba iska, to me ke kaɗa tutar da muke gani a hoto?

Injiniya Sabo: Tutar sanda aka zura mata ta sama don ta miƙe, da ma sun san ba iska. Mutum 12 ne suka taka wata, daga Neil Armstrong da Buzz Aldrin ranar 20 ga Yuli 1969 zuwa Disamba 1972. Duwatsu da ƙasa kilo 382 suka kwaso, masana a ƙasashe daban-daban sun yi bincike a kansu. Sun bar wasu madubai a can, har yau ana haska musu haske daga nan ya dawo. Ita Tarayyar Sobiyat da suke tsere da ita a lokacin tana da na'urorin bin sawu, da ƙarya ce ai ita za ta fara fasa ƙwai. Rashin komawa kuwa kuɗi ne da siyasa, ba wani abu ba.

Baban Abba: Duk daga bakinsu ka ji.

Anti Larai: Ku bar maganar tuta. Ni abin da na gane, uban nan ba wata ne ya dame shi ba, wataƙila an ce ya kawo kuɗin kayan wasa ne. Bara makarantar 'yata suka ce mu biya kuɗin shigar likita, farar riga da wata igiyar roba a wuya, minti uku ta yi a kan dandamali ko baki ba ta buɗe ba. Rigar tana nan cikin durowa. Bana kuma sun ce shigar Fulani. Ku malamai ba ku san abin da iyaye ke ciki ba.

Maman Ilham: Anti ko sisi ban karɓa ba, na faɗa a sama da kuɗina na yi.

Maman 'Yan Biyu: Shekarata 11 ina koyar da ƙananan aji. Injiniya, da girmanka, ɗan shekara bakwai ba ruwansa da 384,400. Kana faɗa yana kallon ƙadangaren da ke taga. Malama, ki samo ƙwallon ƙafa da lemon zaƙi ɗan madaidaici. Ƙwallon ita ce duniya, lemon shi ne wata. Ki tambaye su a ina za a ajiye lemon, za ki ga duk kusa da ƙwallon suke sa shi. Sai ki ba yaro ɗaya ya yi ta tafiya har kamar mita shida da rabi, kusan ƙarshen aji. Nisan ke nan a wannan ma'aunin. Ranar da na yi wa nawa sai da ajin ya yi tsit.

Na tsalle kuma, ki sa yaro ya yi tsalle a jikin bango ki ja layi da alli inda ƙafarsa ta kai, ki ninka shida ki sake jan wani, shi ne tsallen da zai yi a kan wata. Su dai abin da suke son ji shi ne me za a ci, ina za a kwana, ina ban ɗaki. Ki ba su wannan.

Injiniya Sabo: To a ba su. Ruwa: akwai ƙanƙara a cikin ramukan da rana ba ta taɓa leƙawa ba wajen kudancin watan, shi ya sa kowa ya sa ido a can, Indiya ma ta wannan yankin ta sauke na'urarta ta Chandrayaan-3 a Agustan 2023. Daga ruwan ake iya cire iskar shaƙa. Abinci: a 2019 Sin ta kai irin auduga cikin wani rufaffen gwangwani, ya tsiro a can kafin sanyin dare ya kashe shi. Ban ɗaki kuwa, a tashar sararin samaniya da ke kewaya duniya yanzu haka fitsari da gumi ake tacewa su koma ruwan sha.

Maman 'Yan Biyu: Wannan na ƙarshen kada ki kuskura ya shiga. Wani uban zai sake zuwa.

Maman Ilham: Ai na riga na gaya musu tun satin da ya wuce. Shi ne ma abin da suka fi so, har waƙa suka yi masa. Ni a ganina ba laifi yaro ya san gaskiya.

Gwaggo Asabe: Ikon Allah. Mu da muna yara, farin wata sha kallo, dandali muke fita mu yi gaɗa har a kira mu. Aka nuna mana tauraruwar nan mai haske aka ce Zara ce matar wata, muka yarda muka kwanta lafiya. Yanzu jikokina in sun zo hutu ko tsakar gida ba sa fitowa, kowa ya dunƙule da waya. Ran nan aka ɗauke wuta na ce su zo in yi musu tatsuniya, ƙaramin ya ce minti nawa ce. 'Yar nan, ki yi musu Gizo da Ƙoƙi ki huta.

Ustaz Nura: Malama, Allah ya saka da alheri. Ilimin wata ba baƙo ba ne a wurinmu. A Suratu Yunus Allah ya ce ya sanya wa wata masaukai don mu san adadin shekaru da lissafi. Amma ki raba abu biyu. Yadda sauti ke tafiya naki ne ki koyar. Hukuncin sallah da azumin wanda ya bar duniya na malamai ne, kuma sun taɓa zama a kai: a 2007 da ɗan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor ya tafi tashar sararin samaniya cikin Ramadan, sai da malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora kan alƙibla da lokutan sallah. Ki ce wa yaron tambayarsa babba ce, har manyan malamai sun yi taro a kan irinta. Uban yarinyar kuwa kishin addini ne ya kawo shi, ko da bai iya shigowa ba. Ki sa maigidanki ko wani malami namiji ya kira shi.

Maman Ilham: Na gode Ustaz, amma me zai sa in sa maigidana cikin aikin makaranta? Kuma ni ce zan nemi mutumin da ya tsinka ni a gaban yara?

Injiniya Sabo: Ustaz ya riƙe ɓangarensa, ni ga nawa, kuma wannan ce amsar da yaron ke nema. Wata fuska ɗaya yake nuna mana kullum. Saboda haka wanda ya gina gida a wannan fuskar zai ga duniya rataye a sama wuri ɗaya, ba ta fitowa ba ta faɗuwa, shuɗiya da fari, faɗinta ya kusa ninka na watan da muke gani sau huɗu. Kuma tana cika tana raguwa kamar yadda wata ke yi mana, sai dai akasi. Daren da muke tsaye bayan magariba muna laluben jinjirin wata muna jiran sanarwar Sarkin Musulmi, su a can duniya suke gani ta kusa cika fam. Ki ce masa ba wata zai duba ba, mu zai duba. In yana son tabbaci ya bugo gida, maganar daƙiƙa ɗaya da ɗan kaɗan take yi ta iso.

Sannan ki sa tsintsiya a wasan. Ƙurar wata kaifi gare ta kamar garin kwalba, don ba iska ba ruwa da za su goge mata baki. Ta manne wa 'yan Apollo a kaya, suka ce warinta kamar na albarushi, Harrison Schmitt har atishawa ta sa shi a 1972. Gidan wata kullum cikin shara yake.

Maman 'Yan Biyu: Na duniya a sama ya yi kyau, wannan zan ara. Amma wasan minti nawa ne? In kika zuba duk abin da Injiniya ya lissafa, yaran za su tsaya suna hadda kamar masu karanta labarai. Abu uku sun isa.

Maman Ilham: Minti goma aka ba mu, namu ya kai 18. Ba zan iya rage wa kowa ba, kowane yaro na ba shi layinsa kuma iyayensu sun sani. Wurin shirun ma ba zan cire ba, shi ne ya fi kyau: yara biyu suna ta buɗe baki ba sauti, sai sun haɗa hulunansu sannan su ji juna. Zan dai ƙara ladan a cikin gidan kamar yadda Injiniya ya ce.

Anti Larai: Har yanzu ba ki ce me shugabar makaranta ta ce ba.

Baban Abba: Wato duk shawarar da aka ba ki, ta mutum ɗaya kika ɗauka.

Maman Ilham: Ba haka ba ne, duk ina karantawa. Yanzu ma wata matsalar ta taso. Yarinyar ta zo yau da takarda daga gida, babanta ya ce a cire ta daga wasan. Ita ce kuma mai ba shuka ruwa, ta fi kowa haddace nata, da aka tashi tara tana gefe tana kallon hularta a kan tebur. Malamar da na gaji ajinta ta wuce ta taga sau biyu. In ba wata yarinyar layin ne, ko in bar wurin a buɗe ko baban zai sauko kafin ranar?

Ustaz Nura: Shi ya sa na ce a kira shi.

Injiniya Sabo: Ki ba wata yarinyar kawai. Af, kwalayen nan, kin yi musu gilashi ta gaba? Na gaskiyar ruwan zinare ne a jiki saboda hasken rana. Ledar biskit mai ƙyalli za ta yi.