Wane suna za mu ba graphics card da Hausa?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Ana rubuta wa yara masu koyon gyaran kwamfuta darasi kan sabon graphics card da anka saka amma monita ta ƙi kawo komai. Mi za mu kira shi? A shaguna kowa "girafik" yake cewa. Ni dai "katin hoto" ya kwanta mini.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Katin hoto zai rikice da katin ajiya na waya, wanda shi ma hotuna ke ciki. Wannan kuwa ba ya ajiye komai, lissafa hoton yake yi ya aika wa monita. Ku duba "katin nuni".

Na Runjin Sambo: Malam, ina bayanka, kuma ga dalili daga wurin aiki. Kwamfuta da yawa nuni biyu gare ta: na jiki, wanda ke cikin firosesa kuma kafofinsa na kan madabod, da na kati. Da an saka kati, yawancin madabod kan kashe na jikin. In wayar HDMI na nan maƙale a sama inda take da, baƙin allo za a gani alhali kati lafiya lau. Kafofin kati suna ƙasa, a kwance. In muna da "nunin jiki" da "katin nuni", jimla ɗaya ta isa: cire waya daga nunin jiki, mai da ta katin nuni.

Hajiyar Arkilla: Na gwada sunan a bayanin wuta, ya zauna daidai. Gurbin PCIe, inda ake saka kati a madabod, wat 75 kawai yake ba katin nuni. Waya mai fin 6 daga fawa, wato akwatin ba kwamfuta wuta, na ƙara 75, mai fin 8 na ƙara 150. Katin RTX 3060 na jan wat 170, don haka sai da wayar, kuma fawar wat 550 ake son a haɗa masa. Ƙananan kwamfutocin ofis da ake kawowa na hannu, fawarsu ba ta kai nan ba, galibi ma ba su da wannan wayar. Irin su GT 1030 mai wat 30 ne daidai da su. Alamar fawa ta gaza: kwamfuta ta tashi, da an buɗe wasa ko aikin bidiyo ta mutu. Don Allah a ja kunnen yara, wayar firosesa mai fin 4+4 ba ita ce ta kati mai 6+2 ba. Jerin wutarsu daban yake, tura ta da ƙarfi na iya ƙona kati.

Ɗan Mabera: Hajiya, in wuta ta isa kuma har yanzu shiru?

Hajiyar Arkilla: A cire soket, a zare katin, a hure ƙura daga gurbi, a danna shi har maƙallin ƙarshen gurbi ya yi ƙas. A taɓa ram ma, hannu kan girgiza shi wajen aiki. In ba ta kawo ba, a cire batirin madabod (CR2032) na minti 5. Ƙara doguwa ɗaya da gajeru biyu ko uku lokacin kunnawa, a madabod da yawa kati take nufi. Fanka da ba ta juyawa kuwa ba lallai lalacewa ba ce, sababbin katuna ba sa juya ta sai sun ɗau zafi.

Na Runjin Sambo: In hoto ya zo amma yana yankewa, ko Windows ta nuna saƙon matsala Code 43, a fara da direba, wato manhajar da ke sarrafa katin. A goge tsohon da manhajar DDU cikin Safe Mode, musamman in daga katin AMD anka koma na Nvidia. Sannan zafin Sakkwato a Afrilu ya wuce digiri 40, akwati marar fanka mai fitar da iska zai sa kati rage gudu.

Ɗan Mabera: Damuwata guda, Malam: mai saye ba zai daina cewa girafik ba.

Malamin Hausa: Bar shi ya ce, ɗana. A darasi a rubuta katin nuni, a ambaci girafik sau ɗaya a farko don yaro ya gane su a kasuwa. Jam'i katunan nuni. GPU kuwa, guntun da ke ƙarƙashin fanka, a ce ƙwaƙwalwar nuni.

Ɗan Mabera: Na gyara kan babin: "In an saka sabon katin nuni allo ya ƙi kawowa."