Musayar Waƙa Kan Littattafan Matasa

’Yar Tudun Wada, ɗalibar ajin ƙarshe a sakandare, ita ce ta buɗe musayar, ta kuma roƙi duk mai ba ta amsa ya riƙe amsa-amon “ya”.

’Yar Tudun Wada:

Iyayena da yayyena, ina miƙa gaisuwa,
Ku ba ni dama in kawo ƙorafi da tambaya.

Littattafan da sa’o’ina suke rububinsu,
Na karanta na takarda, na karanta na waya.

Kusan kullum gwarzon ɗan attajiri ne mai girman kai,
Wanda ya dawo daga Ingila ya tarar da dukiya.

Tauraruwar kuwa fara ce mai gashi har gadon baya,
Kishiyar uwa tana gana mata azaba don marainiya.

Ya mare ta a babin farko, ya aure ta a na ƙarshe,
Marubuciyar kuma ta ce mana wannan ce soyayya.

Ina labarin yarinyar da ke bitar JAMB da fitila,
Bayan ta tashi daga suyar awara a bakin hanya?

Kawu na Ƙofar Doka:

’Yata, Allah ya yi miki albarka, kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Amma garinki yana da dogon tarihi a fagen hikaya.

A 1933 aka sa gasar ƙagaggun labaran Hausa,
Daga ofishin Bature Rupert East, shugaban Hukumar Fassara, a nan Zariya.

A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa,
A 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya.

A wancan zamani sai edita ya tace rubutu kafin a buga,
Yau kowa yana sakin nasa, ba tacewa, ba kunya.

Malama ta Samaru:

Kawu, a gafarce ni, ban yarda a yi musu kuɗin goro ba,
Domin ni da littattafan nan mun yi doguwar tafiya.

Tun shekarun 1980 da Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa,
Matan aure da yawa sun goge a karatu da littafin haya.

Littattafan ne suka fito da zancen auren dole da saki barkatai,
Lokacin da mace ke haɗiye damuwarta a zuciya.

Ƙanwata, BBC ta buɗe gasar Hikayata ga mata a 2016,
Ki rubuta mai awarar taki, ki aika ta ga duniya.

’Yar Tudun Wada:

Yaya Malama, na gode, amma ni makaranciya ce tukuna,
Kuma mai cin tuwo yana da ikon kushe gishirin miya.

Ban nemi a hana kowa rubutu ba, Kawu ya shaida,
Abin da ke damuna ya fi yawa a WhatsApp, ba a na jiya.

A saki shafuka kyauta har labari ya kama ki,
Sannan a ce sauran sai an biya ta banki ko katin waya.

Wasu kuma sukan cusa batsa don a yi saurin saye,
Alhali masu karantawar da yawansu ba su kai aure ba, Yaya.

Kawu, idan tsofaffin littattafan nan suna akwatinka, a ara mini ɗaya,
In duba ko su sun bar yarinya ta yi magana, ko tana can baya.