Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba: muhawara a zauren zumuntar gidanmu

Auta: Assalamu alaikum. Ina so a raba mana gardama ni da Gwaggo. Jiya na gaya mata tun rasuwar Umma, wata biyar ke nan, ba na samun barci, kuma wata ƙawata ta ce in ga likitan ƙwaƙwalwa. Gwaggo ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mai imani ba ya kai kukansa wajen bare. Ni kuma ko an kai ni ban san me zan ce wa likitan ba. Wannan saƙon ma sau huɗu ina gogewa.

Gwaggo: Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Mu ma an yi mana mutuwa. 'Ya'ya biyu na rasa, ban taka asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba. Annabi Yakubu da ya rasa Yusuf, ga Allah kaɗai ya ce yake kai kukansa. Ke kuma budurwa ce. Ranar da aka ga ƙafarki a can gari ya ɗauka, wa zai aiko neman aurenki?

Baffa: Yaya, ayar da kika kawo gaskiya ce, Suratu Yusuf aya ta 86. Amma ki koma aya ta 84, inda aka ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Annabi ne fa, kuma damuwa ta taɓa jikinsa. Ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Nana A'isha kuwa in aka yi rasuwa takan sa a dama talbina, kunun garin sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rashin, saboda Manzon Allah (SAW) ya ce tana rage baƙin ciki. Ban san malamin da ya ce addu'a ta hana neman magani ba.

Yaya Babba: Allah ya gafarta Baffa, ni ba ta fuskar addini nake tsoro ba. Magungunan nan nake tsoro. Na ga wani a unguwarmu, tunda aka fara ba shi ƙwayoyi ya koma kamar gunki, yawu na zuba. Kada mu kai yarinya da ƙafarta mu dawo da ita a haka.

Anti: Abban yara, shekara 14 ina aikin jinya, bari in sa baki. Wanda ka gani mai yiwuwa wata cutar ce daban, kuma maganinta daban ne. Maganin ciwon damuwa ba ya sa maye irin na tiramadol ko kodin. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin amfaninsa, kuma ba a yanke shi lokaci guda sai da shawarar likita. Wasu ma ba a ba su ƙwaya ko ɗaya, zama ake yi da su ana tattaunawa.

Auta, ke nake so ki ji wannan. Ba a ce sai kin iya zazzage cikinki kafin ki je ba. Yawancin waɗanda muke gani da ciwon jiki suke zuwa: kaina na zafi, ƙirjina na bugawa, ina jin kamar wani abu na tafiya a jikina. Likita ne zai yi tambaya, barci nawa, abinci fa, tun yaushe. Naki eh ko a'a. In bakin ya ƙi buɗuwa, rubuta a takarda ki miƙa masa. Zai iya duba jininki ma, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo irin wannan kasalar.

Gwaggo: To ai jimami ne. Wa aka yi wa mutuwar uwa ya yi barci?

Anti: Haka ne Gwaggo, jimami ba cuta ba ne. Abin da muke dubawa shi ne ko yana sassautawa ko ƙaruwa yake yi, har ya hana ci da aiki.

Auta: Ƙaruwa yake yi. Ƙarfe biyun dare nake farkawa, in zauna a kan dardumar Umma har a kira assalatu. Ina azkar, wallahi ina yi. Rabona da makaranta mako shida. Tuwon da ake aiko mini almajirai nake juye wa, in wanke kwanon in ce na ci.

Yaya Babba: Innalillahi. Muna gida ɗaya ban sani ba.

Gwaggo: Tuwon da nake tuƙa miki da hannuna?

Auta: Ki yafe mini Gwaggo. Kunya ce ta hana ni faɗa.

Baffa: Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, Auta. Kin yi daidai da kika faɗa.

Anti: Kuma ba dole sai Dawanau ba. Ana iya farawa da likitan asibitin da aka saba zuwa, in da buƙata ya tura ta sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ma'aikacin lafiya kuma ba shi da hurumin yaɗa sirrin majinyaci.

Gwaggo: Doka ba ta ɗinke bakin matan da ke layin yankar kati. Wannan kam ba ku kayar da ni ba. Amma zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Bayan rasuwar ɗana na fari, shekara guda na yi ban yi kitso ba, ban je bikin kowa ba. Ana ta yabona da haƙuri, ni kuwa in na shiga banɗaki sai in toshe bakina da zani. Ba wanda ya tambaye ni.

Anti: Auta, zan kira ki yanzu, akwai tambayar da ba ta zaure ba ce. In tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, yau za mu tafi, ba sai Litinin ba.

Yaya Babba: Kuɗin kati da na magani a wuyana. Amma duk abin da aka rubuta mata, sai na ga sunansa tukun.

Gwaggo: Ni zan raka ta, kada a haɗa ta da yara. In an gan mu, ni na zo awon hawan jini. Auta, ki zo ki kwana ɗakina yau, akwai kunun gyaɗa a filas.