Gawar tsuntsu a durowar Turawa: me take tsinana mana?

Kawu maharbi: Ni dai ban ga amfanin gawar tsuntsu da aka cusa wa auduga ba. A gidan tarihi na Tring, can Ingila, fatun tsuntsaye kusan 750,000 ne jibge a durowa. Daji namu, durowa tasu.

Ɗalibar Jos: Kawu, abin dubawa shi ne 'yar takardar da ke ɗaure a ƙafar tsuntsun, mai ɗauke da wurin da aka kama shi da ranar. A 1920 wani Bature mai suna Angus Buchanan ya bi ta Damagaram daga Kano har Abzin yana tara tsuntsaye. Takardunsa ne shaidar abin da ke shawagi a hanyar nan shekara ɗari da suka wuce.

Kawu maharbi: Kakana ma shaida ne. Da idonsa ya ga garken jimina a Damargu.

Malamin makaranta: Allah ya jiƙan kaka, amma ya tafi da abin da ya gani. Fata kuwa tana jira. A 1913 James Chapin, wani masanin tsuntsaye ɗan Amurka, ya ga wani baƙon gashin tsuntsu a hular wani mutum a Kwango. Ya yi ta ajiyarsa har ya ci karo da fatu biyu masu irin gashin nan a gidan tarihi na Tervuren a Beljiyam, an yi musu laƙabin dawisun Indiya bisa kuskure. A 1936 ya bayyana dawisun Kwango.

Hajiya: To Malam, mai hular bai san tsuntsun ba ne? Ya sani sarai, Bature ne ya makara. Kuma Rothschild, attajirin Ingila mai tara tsuntsaye wanda Buchanan ya yi wa aiki, ya sayar da tarinsa ga gidan tarihi na New York a 1932. Ɗanmu da ke son duba tsuntsun Abzin sai ya nemi biza!

Ɗalibar Jos: Nan kam kin ɗaure ni, Hajiya. Takardar ma takan yi ƙarya: an gano Meinertzhagen, wani hafsan sojan Ingila mai tara tsuntsaye, ya saci fatu ya canza musu wuri da rana. Sai dai yau ana ɗan yankar fatar tafin ƙafa a ciro ƙwayoyin gado, abin da hoto ba zai bayar ba.

Kawu maharbi: To duba min, 'yata. Ungulu nawa ne a mahautarmu a da? Yanzu ko ɗaya ba na gani.

Ɗalibar Jos: Fata ba ta ba da adadi, Kawu, tana nuna akwai tsuntsun ne kawai a wurin. Wace shekara ka yi musu ganin ƙarshe? Bari in ɗauko biro.