Faifan fim ya ƙi tashi tun da aka ɗora mini Windows 10

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina neman shawara. Laftof ɗina Windows 7 ce a kanta, na ba wani yaro a nan Tudun Wada ya ɗora mini Windows 10. Komai lafiya lau, faifan fim ne kawai ya ƙi. A da ina sakawa yake tashi da kansa, yanzu sai in ji yana juyawa, can ya yi shiru. Ga tsofaffin finafinan Hausa cike da kwali, ga na Indiya na uwargida, har da na bikinmu. Ko yaron ya lalata mini wurin saka faifan ne?

Injiniyan PZ: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a ɗora wa yaro laifi, saka faifan, ka buɗe This PC. Sunan faifan ya fito a wurin, ko kuwa babu ko alamar DVD ɗin?

Baban Khalifa: Ya fito. Na danna sai na ga wata jaka an rubuta VIDEO_TS.

Injiniyan PZ: To alhamdu lillahi, na'urarka ƙalau take, tana karanta faifan. Abin da zai kunna shi ne babu. Yawancin Windows 7 tana zuwa da Windows Media Center da abin da ke warware bidiyon DVD a cikinta, shi ya sa ba ka taɓa sanin ana buƙatar wani abu ba. Tun daga Windows 8 a 2012 aka cire shi, saboda tsarin MPEG-2 da ake yin DVD da shi a lokacin kuɗin lasisi ake biya a kansa, ga shi kuma sababbin laftof da yawa ba sa zuwa da wurin faifai. Da Windows 10 ta fito a 2015 ma babu shi. Akwai manhajar Windows DVD Player a shagon Microsoft, amma sayar da ita ake yi, kusan dala 15. Ni ban ga dalilin biya ba. Sauke VLC, kyauta ce, kuma tana zuwa da kayan aikinta a ciki.

Maman Hanifa: VLC ita ce mai hoton mazubin nan ruwan lemo da fari, irin wanda ake jerawa a titi in ana aiki? Ita nake amfani da ita a Samaru, har karatun tafsiri na faifai da ita nake saurare.

Injiniyan PZ: Ita ce Hajiya. Ɗaliban wata makarantar injiniya ne a Faransa suka faro ta, yanzu ƙungiyar VideoLAN ke kula da ita. Alhaji, a shafinsu na videolan.org za ka sauke, kada ka bi duk wanda ya fara fitowa in ka bincika, wasu suna haɗa ta da tarkacen talla. In ka gama, ka shiga Media, ka zaɓi Open Disc, ka bar shi a kan DVD, ka danna Play. In ya tsaya a hoton farko ya ƙi wucewa, koma ka sa alama a No disc menus, zai shiga fim ɗin kai tsaye.

Ɗan Kongo: Ni dai a ganina a mayar masa da Windows 7 ɗinsa a huta. Tsohuwar kwamfuta ba ta son sabon kaya, nauyi kawai za ta ƙara.

Injiniyan PZ: Haba ɗan'uwa, a sake fomatin saboda manhajar da ba ta kai girman bidiyon minti goma ba? Kuma tun Janairun 2020 aka daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro. In yana shiga banki ko imel da ita, ban ba shi wannan shawarar ba.

Ɗan Kongo: Ai ita ma 10 ɗin an rufe nata a Oktoban 2025, in maganar tsaro ce.

Injiniyan PZ: Gaskiya ne, wannan kuma zance ne na wata rana. Ko 11 ya koma, matsalar faifan tana nan, VLC ɗin ce dai maganinta.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri, na sa Khalifa ya sauke. Na bikin ya tashi tas, uwargida har ta baro kicin. Amma tsofaffin na Hausan nan sun ƙi, sai ya rubuto wani dogon Turanci.

Malam na Gyallesu: Alhaji duba bayan kwalin, ina kyautata zaton VCD ne ba DVD ba, musamman in faifai biyu ne fim ɗaya, na ɗaya da na biyu. A wurin Open Disc ɗin akwai zaɓin SVCD/VCD, shi za ka danna. Ko kuma ka buɗe faifan ta This PC, ka shiga jakar MPEGAV, za ka ga AVSEQ01.DAT ko makamancinsa. Shi ne fim ɗin kansa, ja shi ka jefa cikin VLC. Wani lokacin na farkon talla ne, fim ɗin yana na biyu.

Maman Hanifa: Kuma a goge su. Nawa da suka kwana biyu a durowa, ƙurar hunturu ta yi musu fari fat. Da ƙyalle mai laushi, daga ramin tsakiya a ja zuwa baki, ba a zagaye ba. Kada a sa kananzir ko turare, na ga wanda ya yi, faifan ya dushe gaba ɗaya.

Injiniyan PZ: Sai abu ɗaya game da na Indiyan, in akwai na asali a ciki. DVD na kamfani yana da lambar yanki: Amurka 1, Turai da Saudiyya da Dubai 2, mu da Indiya 5. In kwamfuta ta tambaye ka ko za ka canja yanki, kada ka riƙa danna e barkatai. Yawanci sau 5 kawai ake iya canjawa, daga nan ya kulle a kan na ƙarshe, kuma a jikin na'urar faifan ake ƙirgawa, sake Windows ba ya goge shi. Waɗanda ake saya a kasuwar Sabon Gari galibi ba su da wannan kullen, ba ruwanka da su.

Yayar Kwangila: Ni tawa daban ce, tun da aka sake mini Windows ko alamar DVD ɗin ba na gani a This PC.

Injiniyan PZ: Yaya, taki direba ce, wato manhajar da ke sa Windows ta gane na'urar faifan, ko kuma na'urar kanta. Shiga Device Manager, nemi DVD/CD-ROM drives. In akwai alamar rawaya a kai, cire shi da Uninstall device, ki kashe kwamfutar ki kunna, za ta sake ɗora shi da kanta. In ya nuna Code 19 ko Code 39, gyaran a cikin rajistar Windows yake, kada ki taɓa da kanki, kawo wa mai gyara. In babu layin ma gaba ɗaya, wataƙila ta mutu, sai ki sayi ta waje mai USB.

Malam na Gyallesu: Alhaji, tun da na bikin ya tashi, kwafe jakar VIDEO_TS ɗin gaba ɗaya yau ɗin nan zuwa kwamfuta, ka kuma zuba a filash. Faifan da masu ɗaukar biki ke gasawa ya fi na kamfani saurin lalacewa, kuma shi ba a samun wani a kasuwa. VLC tana buɗe jakar kamar faifan ne. In kana so ya shiga waya, manhajar HandBrake tana mayar da shi MP4, ita ma kyauta.

Baban Khalifa: VCD ne kuwa, Malam, sun tashi. Saura guda biyu da ke tsayawa a tsakiya, sun sha karce. Kwafen na bikin yana kan tafiya. Injiniya, zan turo Khalifa da filash bayan la'asar ka nuna masa HandBrake ɗin.

Injiniyan PZ: Ya zo da laftof ɗin da cajarta, da faifan nan biyu, in gwada su a tawa.